Daga Kantin Magani: Ciwon gaban gwiwa da filastar 'yan ƙwallo

  

Kimanin wata biyu da suka wuce wata baiwar Allah ta shigo kantinmu da ke nan Agege bayan sallar La'asar. Shekarunta ba za su wuce 40 ba, sana'arta sayar da atamfa da leshi, kuma a hawa na uku take zaune a gidan haya. Bayan mun gaisa sai ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Anti, don Allah irin wannan filastar nake nema, amma shuɗiyar, an ce ta fi ƙarfi." Bidiyo ne na wani Bature yana liƙa wa wata mata filasta mai launi a gwiwa, daga gamawa matar ta miƙe tana tsalle.

Na ce, "Hajiya, zauna tukuna. Ina ne yake miki ciwo?" Ba ta nuna da yatsa ɗaya ba, tafin hannunta ta kifa a kan ƙoƙon gwiwarta ta dama, ta ce, "Duk nan, kamar daga ƙarƙashi." Ta ce in tana tafiya a miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, amma saukowa daga bene, da tsugunno a banɗaki, da tasowa daga sujada, nan ne ake yin ta. In kuma ta daɗe a danfo ƙafa a lanƙwashe, sai ta ji kamar ta roƙi na gabanta ya matsa ta miƙe ƙafar. Ciwon ya kai wata bakwai. Da na tambaye ta me take sha, sai ta ciro wata 'yar leda daga jaka, da ƙwayoyi kala huɗu a ciki, ba suna ba kwali, wani mai tallar magani ne yake ƙulla mata a kasuwa. Zan dawo kan wannan ledar, domin ita ta fi tayar mini da hankali a kan gwiwar.

Abin da Hajiya ta siffanta shi ne ciwon gaban gwiwa, kuma yana cikin ciwon gwiwa da aka fi yawan samu ga matasa da masu matsakaicin shekaru. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen waje, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin 100 na jama'a kan yi fama da shi a cikin shekara guda. Mata sun fi maza kamuwa.

Ga yadda abin yake. Ƙoƙon gwiwa ɗan ƙashi ne da ke zaune a cikin jijiyar babbar tsokar gaban cinya, jijiyar ta ratsa ta kansa ta sauko ta kama ƙashin ƙwauri. A bayan ƙoƙon akwai wani ɗan kwari a ƙarshen ƙashin cinya, a cikinsa yake zamewa sama da ƙasa duk lokacin da aka lanƙwasa ƙafa ko aka miƙe ta, kamar yadda gilashin taga yake zamewa a kan layinsa. Iya lanƙwasa gwiwa da nauyi a kanta, iya matsuwar ƙoƙon a jikin wannan kwari. A tafiya ta yau da kullum matsin bai wuce kusan rabin nauyin jikin mutum ba. A kan matakala yakan kai ninki uku. A tsugunno sosai yakan kai ninki bakwai. To mu yi lissafi: mace mai kilo 80, ta ɗauko jarkar ruwa mai lita 25 za ta hau bene. Ita da jarkar sun zama kilo 105, kowane taki kuwa sama da kilo 300 ne ke danne wannan ɗan ƙashin da bai kai tafin hannun yaro ba. Ta yi sawu huɗu ko biyar a rana saboda famfon sama ba ya kawo ruwa. In tsokar cinya da ta ƙugu ba su da ƙarfin da za su riƙe ƙafar a saiti, gwiwa sai ta riƙa karkata ciki a kowane taki, matsin ya taru a gefe guda, wurin ya fara tsami.

Shi ya sa nake ganin masu wannan ciwo iri-iri: 'yan dako a kasuwar Mile 12, matan da ke hawa gadar tsallake titi sau biyu a rana da goyo a baya, ma'aikacin ofis da ya tashi rana ɗaya ya fara gudun safe na kilomita biyar don ya rage tumbi, da 'yan mata masu jego da jiki ya ƙaru tsoka kuma ta saki. Sau da yawa ko an ɗauki hoton ƙashi ba a ganin komai, sai mutum ya shiga zargin sanyi ko jifa. Ƙarar ƙas-ƙas da gwiwa ke yi, in ba ta zo da ciwo ko kumburi ba, ba abin tsoro ba ce.

Kafin mu shiga zancen filasta, dole in ware waɗanda wannan rubutu bai shafa ba. Wanda gwiwarsa ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, ba ya iya taka ƙafar, asibiti zai nufa a ranar, domin ƙwayar cuta in ta shiga cikin gaɓa tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Mai ciwon sikila ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan. Haka wanda ya faɗi ko ya yi haɗari a kan babur gwiwa ta cika da kumburi nan take, da wanda gwiwarsa ke maƙalewa ta ƙi miƙewa, da wanda sha-raɓarsa ta kumbura tana ciwo a ƙafa ɗaya, musamman mai ciki ko mai jego ko wanda ya dawo daga doguwar tafiya, saboda yana iya zama gudan jini ne a jijiya. Yaro kuma da ke ɗingishi yana kukan gwiwa, a sa likita ya duba har da ƙugunsa, don ciwon ƙugu a yara yakan ɓoye ya bayyana a gwiwa. Ciwon da ke tayar da yaro daga barci da dare, ba tare da ya ji rauni ba, shi ma ba na filasta ba ne.

To, filastar gwiwa iri biyu ce, kuma mutane na cakuɗa su.

Ta farko ita ce marar talewa, mai kalar ƙasa-ƙasa, mai faɗin kusan santimita huɗu, mai danƙo da ƙarfi sosai. Hanyar amfani da ita a gwiwa wata likitar fisiyo ce 'yar ƙasar Ostireliya, Jenny McConnell, ta bayyana ta a 1986, har yau kuma da sunanta ake kiran hanyar. Tunaninta shi ne, tunda ƙoƙon gwiwa ga masu wannan ciwo yakan karkata waje, a jawo shi ciki da filasta a riƙe shi, ciwo ya lafa, mutum ya samu damar motsa jikin da zai ƙarfafa cinyarsa. A lura da wannan na ƙarshe, don tun asali ba a ƙirƙiro hanyar don ta tsaya ita kaɗai ba.

Yadda ake yi: mutum zai zauna a kan tabarma ko gado, ya miƙe ƙafar, ya saki tsokar cinya gaba ɗaya har ya zama ana iya motsa ƙoƙon da yatsu hagu da dama. A wanke wurin da sabulu a tsane shi sarai. Da farko a shimfiɗa farar filasta mai laushi, irin wadda ake rufe ciwo da ita a asibiti, a gicciye a kan ƙoƙon, daga gefen waje zuwa gefen ciki, ba tare da an ja ta ba. Aikinta kare fata ne kawai. Sannan a yanko mai ƙarfin, a kafa bakinta a gefen ƙoƙon na waje. Da babban yatsa a tura ƙoƙon a hankali zuwa ciki, wato wajen ɗaya gwiwar, da sauran yatsun kuma a tattaro naman gefen ciki zuwa wajen ƙoƙon, sai a ja filastar a kwantar da ita a kai, a ƙare ta a gefen ciki, kafin a kai ga lanƙwasar bayan gwiwa. In an yi daidai za a ga fatar gefen ciki ta ɗan tattare. Akwai masu buƙatar a ƙara wani yanki da zai fara daga tsakiyar ƙoƙon don ya ɗaga gefen da ya kwanta, akwai masu buƙatar a ɗan juya shi. Wannan likitan fisiyo ne, wanda wasu ke kira likitan gashi, zai tantance bayan ya duba. Abu biyu ne ba a yi: ba a zagaye ƙafa gaba ɗaya da filasta marar talewa, don za ta matse hanyar jini, kuma ba a danne ƙasan ƙoƙon, domin akwai wani kitse mai saurin jin ciwo a wurin.

Abin da ya fi burge ni da wannan hanya shi ne tana zuwa da gwajinta, ba sai an jira mako guda ba. Kafin a liƙa, mutum ya sauko daga matakala ɗaya, ko ya ɗan rage tsawo kamar zai zauna a kujera, ya auna ciwon a ransa daga 0 zuwa 10. Bayan an liƙa ya sake yin abin nan dai. Abin da ake nema shi ne ciwon ya ragu da aƙalla rabi nan take. Wanda ya ce 6 ne da farko, a ji ya ce 3 ko ƙasa. In bai ragu ba, a ɓare a sake saiti. In an gwada sau biyu ko uku babu canji, to wannan gwiwar ba ta filasta ba ce, kada a ɓata kuɗi. Ana sa ta da safe a cire da dare, fata ta huta.

Ta biyu ita ce wadda Hajiya ta gani a waya, mai launi-launi mai talewa kamar roba, wadda ake kira filastar Kinesio. Wani mai gyaran gaɓoɓi ɗan ƙasar Japan, Kenzo Kase, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, amma duniya ba ta san ta sosai ba sai a gasar Olamfik ta 2008 a birnin Beijing, inda aka riƙa ganin ta a kafaɗu da gwiwoyin 'yan wasa. Masu kallon ƙwallo kuma za su tuna wasan kusa da na ƙarshe na gasar Turai a 2012, lokacin da Mario Balotelli ya ci Jamus ƙwallo ta biyu ya tuɓe riga, aka ga layi uku na shuɗiyar filasta a gadon bayansa. Ina jin daga wannan hoton ne shuɗiya ta samo farin jininta. Amma bari in faɗa da babbar murya: shuɗiya da baƙa da ja da ruwan hoda duk abu ɗaya ne, rini ne kawai ya bambanta su. Wanda ya ce miki wata kala ta fi wata ƙarfi, ko ya ƙara miki kuɗi a kanta, ciniki yake yi.

Ita wannan auduga ce da zaren roba a ciki, faɗinta santimita biyar, ba ta hana gwiwa motsi, kuma tana iya kwana uku zuwa biyar a jiki har a yi wanka da ita. Ana liƙa ta ne gwiwa na lanƙwashe, kamar mutum na zaune a kujera. A yanko guda biyu masu tsawon kusan taƙi ɗaya da rabi, a zagaye kusurwoyinsu da almakashi don kada zani ko wando ya riƙa kama su. Kowanne a fara shi daga ɗan tudun ƙashin nan da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ɗaya ya bi ta gefen ciki ɗaya ta gefen waje, su rungumi ƙoƙon su haɗu a ƙasan cinya. Tsakiyar kawai ake ɗan ja, shi ma ba a kai rabin iya talewarta ba. Bakin farko da na ƙarshe, kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku, a kwantar da su haka nan ba ja, domin jan baki shi ke kawo ƙuraje da saɓulewar fata. In an gama a murza da tafin hannu, ɗumi ne ke sa danƙon ya kama, sannan a ba ta kamar awa ɗaya kafin gumi ko ruwa ya taɓa ta.

Shin suna aiki? A nan sai mun yi wa juna gaskiya. A 2012 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken lafiya, ta duba gwaje-gwajen da aka yi a kan liƙa filasta a ƙoƙon gwiwa, ta ce hujjar da ke hannu ba ta da ingancin da za a yanke hukunci da ita. A 2019 ƙungiyar likitocin fisiyo ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin kula da wannan ciwo, inda ta ce ana iya amfani da filastar da aka saita daidai da gwiwar mutum, tare da motsa jiki, don rage ciwo nan take da kuma cikin makonni huɗu na farko, amma ba a ga amfaninta na dogon lokaci ba. Hatta batun cewa filasta na mayar da ƙoƙon gwiwa mazauninsa, masana na da ja a kai, domin filasta kan saki bayan an ɗan motsa, amma sauƙin ciwon ya ci gaba. Wasu na ganin taɓa fata da matsin da take yi ne ke canza yadda jiki ke jin ciwon, da yadda mutum ke taka ƙafar ba tare da ɗar-ɗar ba. Ita kuwa mai launin, maganganun da ake yi cewa tana ƙara wa tsoka ƙarfi ko tana "buɗe hanyar jini", bincike bai tabbatar da su ba.

Ni dai ra'ayina, bayan abin da na karanta da abin da nake gani a kanti, filasta kamar sanda ce ga mai targaɗe. Tana taimaka wa mutum ya tashi, kuma duk abin da zai sa mace ta rage haɗiyar ƙwayar kashe ciwo, ina maraba da shi. Cikin biyun na fi karkata ga marar talewar, saboda ana gwada ta a gani a take. Mai launin ta fi sauƙin sawa da daɗin zama a jiki, wanda ya ji daɗinta ban hana shi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya shekara yana sayen naɗi bayan naɗi, cinya kuwa tana ƙara ramewa.

Sai batun fata, wanda a nan ne aka fi dawo mini da ƙorafi. Mu mutane ne masu son shafa mai, kuma filasta ba ta kama fatar da ta sha man kaɗanya ko basilin. A bar gwiwar ba mai ranar da za a liƙa. Mafi muni shi ne a shafa man zafi, irin su Robb ko Aboniki, sannan a rufe da filasta. Waɗannan mayuka an yi su ne a shafa a bar wurin a buɗe, in aka rufe su zafin na iya ƙona fata har ta yi ƙuna mai ruwa. Na ga wani matashi da ya yi haka, sai da muka yi mako biyu muna wanke ciwo, ciwon gwiwar kuma yana nan inda yake. Maza masu gashin ƙafa su aske tun jajibiri, kada a aske a liƙa a take. Wanda bai taɓa sawa ba ya fara manna ɗan ƙaramin yanki a cikin cinya ya kwana da shi, in ya ga ja ko ƙaiƙayi ko ƙuraje, jikinsa bai karɓa ba. A zafin Legas da Fatakwal, inda gumi ba ya bushewa, kwana biyar ɗin da aka rubuta a kwali yakan koma biyu ko uku, kuma da zarar an ji ƙaiƙayi a cire, kada a daure. Wajen cirewa ba a fizga. A jiƙa ta da man gyaɗa ko man jarirai na 'yan mintuna, a riƙa danne fata da yatsa ana naɗe filastar a hankali ta inda gashi ya kwanta.

Masu ciwon suga, musamman wanda ƙafarsa ta fara mutuwa ba ya jin taɓi sosai, da tsofaffi masu siririyar fata, da mai ciwo ko ƙyasbi ko ƙuraje a wurin, da matan da suka daɗe suna shafa man bilicin, duk kada su liƙa sai likita ya gani. Na ambaci masu bilicin ne da gangan, don da yawa daga cikin mayukan nan na ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata, filasta mai ƙarfi tana iya tahowa da ita.

Mata da yawa kan tambaye ni batun tsarki. Alwala dai ba ta kai gwiwa. Wankan wajibi ne abin dubawa, kuma marar talewar ba ta da matsala tunda kullum ake cire ta. Mai kwana a jiki kuwa, a tambayi malami hukuncin shafa a kan bandeji, wannan ba fagena ba ne. Haka batun yin sallah a zaune na ɗan lokaci ga wanda durƙuso ke wahalar da shi, addini ya yi sauƙi, malamai za su yi bayani. Ni abin da zan ƙara shi ne a samu darduma mai kauri, ko a ninka bargo a ƙarƙashinta, domin tayil ba ya tausayin gwiwa.

Ainihin maganin shi ne ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu, kuma wannan ne abin da masana suka fi haɗuwa a kai. Ba ya buƙatar zuwa gidan motsa jiki. A kwanta rigingine, a lanƙwasa ƙafa ɗaya, a miƙe mai ciwon a ɗaure cinya a ɗaga ta kamar taƙi biyu daga ƙasa, a riƙe a ƙirga biyar, a sauke a hankali. A juya a kwanta ta gefe, mai ciwon a sama, a ɗaga ta a miƙe ba tare da ƙugu ya koma baya ba. A koma rigingine, gwiwoyi biyu a lanƙwashe, a ɗaga mazaunai sama a riƙe. Sannan a zauna a kujera mai ɗan tsayi a miƙe ba tare da dafa komai ba, ana lura kada gwiwa ta faɗa ciki, ta tsaya saitin yatsun ƙafa. Kowanne sau 10, a huta, a maimaita sau biyu ko uku, aƙalla kwana uku a mako. Ɗan tsami kaɗan ba laifi, muddin ya lafa kafin washegari. In ya kwana ya ƙaru, an yi yawa, a rage. Kuma a sa a rai cewa aikin mako 6 zuwa 12 ne, wasu ma fiye. A nan ne filasta ke da rana: a makonnin farko da ciwo ke hana mutum yin waɗannan, a liƙa a yi, sannan a riƙa janye ta sannu a hankali, daga kullum zuwa ranar kasuwa ko ranar tafiya kawai, har a daina.

A halin da ake ciki a rage wa gwiwa kaya. Wajen hawa bene a fara da ƙafa mai lafiya, wajen sauka a fara da mai ciwo, a kama ƙarfen gefe. Jarka ɗaya a raba ta biyu, ko a sa yara samari su ɗauka. Wanki da wanke-wanke a yi su a kan kujera mai tsayi maimakon 'yar tsugunno. Mai doguwar tafiya a mota ya nemi wurin da zai riƙa miƙe ƙafa. Takalmi mai tsini kuma a ajiye shi sai ranar biki.

Wanda ke son a koya masa liƙawar da hannu, kuma shi na fi ba da shawara, ya nemi sashen fisiyo. Akwai a Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi a nan Legas, da takwaransa na Inugu, da na Dala ga wanda ya je gida Kano, da asibitocin koyarwa irin su na Idi-Araba da na Ibadan, da manyan asibitocin jiha da dama. Zuwa ɗaya ko biyu ya isa a nuna wa mutum saitin da ya dace da gwiwarsa, ya ci gaba da yi a gida. Masu ɗori na da nasu wurin a al'adarmu, amma wannan ciwo ba karaya ba ne ba gocewa ba, babu abin da za a ɗora, tsaga da ƙaho kuma ba sa ƙara wa cinya ƙarfi.

Iyaye kuma, in ɗanku mai shekara 10 zuwa 15 mai son ƙwallo yana kukan ciwo a ƙasan gwiwa, kuka ga ɗan tudun ƙashin wurin ya taso yana zafi in an taɓa, wannan yawanci na girma ne, jijiya ce ke jan wurin da ƙashi bai gama ƙwari ba. Yakan wuce da kansa in girma ya tsaya. A kai shi a tabbatar, a rage masa wasa da tsalle na ɗan lokaci, a sa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 bayan wasa. Kada a liƙa masa filasta don ya samu ya buga gasar unguwa a kan ciwo, kuma kada a ba shi ƙwayar manya.

Yanzu ledar Hajiya. Da na zazzage ta a kan tebur, biyu daga cikin ƙwayoyin na gane su da siffarsu: diclofenac da piroxicam. Waɗannan da ibuprofen duk 'yan gida ɗaya ne. Haɗa biyu ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa: gyambon ciki da zubar jini a ciki, hawan jini, da lalacewar ƙoda. Ta uku 'yar ƙarama ce fara, na fi zargin dexamethasone ce ko prednisolone, domin da na kalli fuskar Hajiya na ga ta yi zagaye ta cika, ita kuma tana murna wai ta yi ƙiba. Irin wannan magani in an daɗe ana sha yana tayar da suga, ya tayar da hawan jini, ya rage ƙwarin ƙashi, kuma wanda ya sha shi fiye da mako uku ba a so ya daina rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa a hankali. Na tambaye ta ko tana jin zafin ciki, ta ce ai ta daɗe tana shan maganin olsa a kai. Na auna jininta, ya hau. A ranar ban sayar mata da filasta ba. Takarda na rubuta mata zuwa ga likita, na ce ta tafi da ledar a hannu.

Ga wanda ciwo ya matsa masa, farasitamol ya fi sauƙin illa: babba ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya wuce sau huɗu a awa 24, kuma a bar aƙalla awa huɗu tsakani. Diclofenac na shafawa ya fi na haɗiya aminci ga ciki, tunda kaɗan ne ke shiga jini, amma shi ma ba a rufe shi da filasta, sai dai a shafa da dare bayan an cire, a wanke da safe. Na haɗiya kuwa, 'yan kwanaki ne kawai, bayan cin abinci, iri ɗaya tak, kuma ba na mai olsa ko ciwon ƙoda ko hawan jini ko mai juna biyu ba ne sai da izinin likita. Tramadol ba shi da gurbi a wannan ciwo. Duk maganin da ba shi da kwali, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, kada ya shiga bakinku, ko wa ya ƙulla shi.

Hajiya ta dawo bayan mako biyar. Likita ya janye mata ƙwayar a hankali, ya ɗora ta a kan maganin hawan jini, ya tura ta fisiyo, can aka koya mata liƙa marar talewar. Ta ce ranar farko da aka liƙa ta sauko matakalar asibitin ba ta dafa bango ba. Motsa jikin ne take ƙorafi a kai, wai yaranta na yi mata dariya in ta kwanta tana ɗaga ƙafa, amma tana yi bayan sallar Asuba. Har yanzu gwiwar na yi mata tsami in ta wuni a shago, kuma tsugunno bai dawo daidai ba. Naɗi ɗaya ta saya, mai kalar ƙasa, da farar ta ƙarƙashi. Tana fita ta waiwayo ta ce, "Anti, shuɗiyar fa, ko don kwalliya?" Na ce ta bari sai gwiwar ta warke.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba ciwon diddige da ke kama mutum da takun farko na safe, wanda masu karatu da dama suka aiko da tambaya a kai.